Ciyawar Teku da Ɗumamar Ruwa

Ciyawar teku tsiro ce mai saiwa da ganye da fure, wadda take rayuwa a nutse cikin ruwan gishiri, a wuraren da ba su da zurfi sosai inda hasken rana ke isa ƙasa. Ba gansakuka ba ce, kuma ta bambanta da ciyayin da masunta ke gani a madatsar ruwan Dadin Kowa a Gombe, domin waɗancan na ruwan daɗi ne. Masana suna lissafa nau'o'inta daga 60 zuwa 70 da ɗoriya. Ana kyautata zaton asalinta tsirran tudu ne da suka koma teku kimanin shekaru miliyan 100 da suka wuce. Kifaye suna hayayyafa a cikinta, kunkuru da ayu suna kiwonta, lakar da ke ƙarƙashinta kuma tana adana kabon, sinadarin da iskarsa ke ƙara ɗumamar duniya, na ɗaruruwan shekaru.

Ƙwayoyin da take zaune da su

Ganyen ciyawar da saiwarta da lakar da take tsaye a kai duk cike suke da ƙananan halittun da ido ba ya gani. A cikin lakar babu iskar oksijin, don haka wasu bakteriya da ke ruɓar da matattun ganye suna fitar da salfayid, sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda dafi ne ga tsiron. Ciyawar tana kare kanta ta hanyar tura oksijin daga ganye zuwa saiwa, wasu bakteriyar kuma suna cinye salfayid ɗin kafin ya shige ta.

A 2021 masu bincike na cibiyar Max Planck da ke Bremen a Jamus suka bayyana wata bakteriya da ke zaune cikin saiwar Posidonia oceanica, ciyawar Bahar Rum. Tana samar wa tsiron naitirojin, shi kuma yana ba ta sukari. Manomin Bauchi ko Gombe ya san irin wannan zama a saiwar wake da gyaɗa, waɗanda ke barin gona da ƙarfi bayan girbi.

Zafi yana ɓata wannan tsari ta fuska uku. Tsiron yana ƙone abincinsa fiye da yadda yake haɗa shi, ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin da yawa, masu fitar da salfayid kuma suna ƙara himma. Idan ukun suka haɗu, dafin ya kan kai ga gindin ganye, inda tsiron ke tohowa.

Annobar shekarun 1930

Mafi girman asarar da aka rubuta ta faro ne wajajen 1930 zuwa 1931 a gaɓar gabashin Amurka. Baƙaƙen ɗige-ɗige suka fara bayyana a ganyen Zostera marina, wani nau'in ciyawar teku, suka faɗaɗa, ganyen ya ruɓe ya tsinke. Cikin shekara biyu ko uku cutar ta kai Turai, an kuma ƙiyasta cewa kusan kashi 90 cikin 100 na wannan ciyawa a gaɓoɓin arewacin Atlantika ya mutu.

Abin bai tsaya a kanta ba. Dinyar da ke cin ganyen ta ragu ƙwarai, wani ƙaramin dodon-koɗi mai suna Lottia alveus ya ɓace daga Atlantika, masu busar da ciyawar don cusa katifa suka rasa sana'a. A Holan, filayen ciyawar da ke ƙarƙashin ruwan Tekun Wadden ba su dawo ba har yau, abin takaici ga wurin da ya daɗe yana ciyar da mutanen gaɓa.

Sai a ƙarshen shekarun 1980 aka tabbatar da ƙwayar cutar, aka raɗa mata suna Labyrinthula zosterae a 1991. Tana nan a jikin ciyawa mai lafiya ma ba tare da ta yi ɓarna ba. Masana sun saɓa kan musabbabi: wasu sun ɗora laifin kan ƙwayar, wasu kan ɗumin ruwan waɗannan shekaru da ya raunana tsiron.

Zafin baya-bayan nan

A Shark Bay da ke yammacin Ostareliya, zafin ruwa ya haura yadda aka saba da digiri 2 zuwa 4 a bazarar 2010 zuwa 2011. Wani bincike na 2018 ya ƙiyasta cewa kashi 36 cikin 100 na filayen ciyawar sun lalace, kuma ƙwayoyin laka sun ruɓar da kabon da ke ajiye, mai yiwuwa har tan miliyan 2 zuwa 9 na iskar kabon ya fita. An ga mutuwar ciyawa a mashigin Chesapeake na Amurka a 2005, da Bahar Rum bayan zafin 2003 da 2006.

Yammacin Afirka

Manyan filayen ciyawar yankin suna Banc d'Arguin a Muritaniya. A can wasu ƙananan kawa da ke binne cikin laka suna ɗauke da bakteriya masu cin salfayid, abin da ke kare ciyawar daga dafin. Binciken 2016 ya nuna fari da zafi sun karya wannan alaƙa, ciyawar ta mutu a faɗin wuri.

A 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 1 ga Maris a matsayin ranar ciyawar teku ta duniya.