Ƙididdigar Wasan Besbol

Ƙididdigar wasan besbol ita ce alƙaluman da ake auna ƙwazon 'yan wasa da su a Amurka, Japan, Kuba da sauran ƙasashen da wasan ya kafu. Henry Chadwick, ɗan jarida haifaffen Ingila da ya yi aiki a New York, shi ne ya yaɗa teburin sakamakon wasa a tsakiyar ƙarni na 19. Lissafin bai wuce tarawa da ninkawa da rabawa ba. Inda ake tuntuɓe shi ne wajen sanin abin da za a raba da shi, domin kowane ma'auni yana ƙirga wani abu ya tsallake wani.

Matsakaicin bugu

A tebur ana rubuta shi AVG. Ana ɗaukar yawan bugun nasara, wato wanda ya kai mai bugu tasha lafiya (tasha ɗaya ce daga wurare huɗu da ɗan wasa ke zagayawa don cin maki), a raba da yawan damar bugu. Sakamakon lamba uku ne bayan ɗigo, ba a sa sifili a gaba. A 1941 Ted Williams na Boston Red Sox ya yi bugun nasara 185 cikin dama 456, abin da ya ba da .406. Tun daga lokacin babu wanda ya sake kai .400 a cikakkiyar kaka a American League ko National League, manyan rukunan gasar besbol biyu na Amurka. A yau mai .300 gwani ne.

Ba duk fitowa gaban mai jifa ce ake ƙirgawa a matsayin dama ba. Idan mai jifa ya yi jifa huɗu a wajen iyaka aka ba mai bugu tashar farko kyauta, ko ƙwallo ta same shi a jiki, ko ya sadaukar da kansa don abokin wasansa ya matsa gaba, ba a sa wannan a lissafi. Idan kuwa kuskuren mai tsaro ne ya kai shi tasha, an ƙirga dama amma babu bugun nasara, sai matsakaicinsa ya sauka. Marubucin sakamako na filin ne ke yanke hukuncin ko kuskure ne, don haka akwai ra'ayin mutum a cikin lambar.

Isa tasha da ƙarfin bugu

Ma'aunin isa tasha, OBP, shi ne ke mayar da abin da AVG ya zubar. A sama ana tara bugun nasara, tashar kyauta da samun ƙwallo a jiki. A ƙasa ana tara damar bugu, tashar kyauta, samun ƙwallo a jiki da sadaukarwar bugun sama, wato bugun da aka cafe a sama amma abokin wasa ya ci maki da shi. A 2004 Barry Bonds ya yi .362 a AVG, amma sau 232 aka ba shi tasha kyauta, OBP ɗinsa ya kai .609.

SLG kuma, ma'aunin ƙarfin bugu, yana ba kowane bugu nauyinsa: tasha ɗaya 1, biyu 2, uku 3, wanda ya zagaye fili duka 4, sannan a raba da damar bugu. Mai dama 10 da ya yi bugun tasha ɗaya, na tasha biyu da na zagaye duka yana da 7, wato .700, alhali AVG ɗinsa .300 ne. SLG na iya kaiwa 4.000, saboda haka kuskure ne a karanta shi kamar kashi cikin ɗari. Idan aka haɗa OBP da SLG sai a sami OPS. A ilmin lissafi haɗin gurgu ne, tunda abin rabawarsu ba ɗaya ba ne, kuma yana tauye darajar OBP. Sauƙinsa ne ya sa ya karɓu.

Mai jifa

ERA yana nuna makin da mai jifa zai bari a ci a zagaye tara, wato tsawon cikakken wasa. Ana ninka makin da ke wuyansa da 9, a raba da zagayen da ya yi jifa. Makin da kuskuren masu tsaro ya jawo ba ya ciki. A 1968 an ci Bob Gibson na St. Louis Cardinals maki 38 irin wannan a zagaye 304 da biyu bisa uku, ERA ɗinsa ya tsaya 1.12.

Akwai tarko a rubutun zagaye. Fitar da mutum uku ne zagaye ɗaya, don haka 6.2 a tebur na nufin shida da biyu bisa uku. Mai jifan da aka ci maki 3 a 6.2 yana da 27 raba 6.667, wato 4.05. Wanda ya danna 6.2 a kalkuleta zai sami 4.35.

Yawan wasa da wurin wasa

Lambar da aka samo daga 'yan damammaki ba abin dogaro ba ce. A dama 10, bugu ɗaya tak ke ɗaga mutum daga .300 zuwa .400; a dama 500 kuwa, bugu goma ne tsakanin .280 da .300. Shi ya sa MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, ta shar'anta fitowa 3.1 a kowane wasan ƙungiya, wato 502 a kakar wasanni 162, kafin mai bugu ya shiga jerin zakaru. Mai jifa kuma sai ya cika zagaye 162.

Fili ma yana murɗa lamba. Coors Field na birnin Denver yana tudun da ya kai kusan mita 1,600, iskar wurin ba ta da kauri, ƙwallo na tafiya nesa. Masu nazarin da suka biyo sahun Bill James, marubucin ƙididdigar besbol ɗan Amurka, suna gyara irin wannan da ma'aunai kamar OPS+ da ERA+, inda 100 ke nufin matsakaicin 'yan wasan gasar a kakar, 150 kuma ya nuna fifiko da kusan rabi bayan an cire tasirin fili.