Lada a bakin Kirista: me ake nufi, kuma a ina ya rabu da ceto?

Matar da ta yi sammako ranar Asabar ta share majami'a ta goge kujeru, abin da za a ce mata shi ne, "Sannu Mama, Allah ya ba da lada." Haka ake ce wa saurayin da ya kai mara lafiya asibiti a kan babur ɗinsa bai karɓi ko sisi ba, haka ake ce wa 'yan zumuntar mata idan sun wuni a bakin murhu a gidan makoki. A wurin jana'iza kuwa, bayan an karanta inda Bulus ya gaya wa Timoti cewa ya gama tserensa, sai dattijo ya miƙe ya ce marigayi ya tafi karɓar ladansa. Kalmar ta zauna a bakinmu har mun daina tambayar abin da muke nufi da ita. A ajin masu shirin baftisma na fara lura da inda gizo ke saƙar: ka tambayi mutum abin da zai kai shi sama, sai ya ce maka yana tara lada.

A Hausar yau da kullum, lada shi ne abin da ake ba mutum a bakin aikinsa. Akwai ladan ɗinki, akwai ladan dako, akwai ladan niƙa. Dillali shi kuma la'ada yake ci, kuma masu nazarin harshe suna danganta kalmomin biyu da kalmar Larabci al'ada, wato abin da aka saba bayarwa. Daga kasuwa kalmar ta shiga addini, ta zama sakamakon alheri da Allah yake yi wa bawansa. Har ma ta yi juyi mai ban sha'awa: idan aka ce maka wannan aikin lada ne, to ka san ba za a biya ka ba. Musulmi da Kirista duk da wannan kalma guda suke addu'a a Kano da Zariya da Maradi, shi ya sa mai sauraro yakan ɗauka ma'anar ma guda ce ta kowace fuska. Abin da zan bi a nan shi ne inda koyarwar Kirista ta ajiye ta.

Kalmar Helenanci da Sabon Alkawari ya fi amfani da ita wajen maganar lada, misthos, ita ma 'yar kasuwa ce. Ita ce kuɗin da ake biyan ma'aikaci da yamma, ita ce kuma Yesu ya ɗauka a Matiyu sura 5 da ya ce wa waɗanda ake tsananta wa su yi murna, don abin da ke jiransu a sama mai yawa ne. Saboda haka masu juyi ba su yi kuskure ba da suka sa lada ko sakamako. Matsalar tana farawa ne idan aka haɗa lada da ceto a ƙwarya ɗaya aka dama.

Bulus ya raba su sarai. A Romawa 4:4 ya ce abin da aka ba mai aiki ba kyauta ba ne, hakkinsa ne. A Romawa 6:23 kuma ya jera abu biyu: zunubi yana biyan ma'aikatansa, abin da yake biya kuwa mutuwa ce, rai madawwami shi kuma kyauta ne daga Allah ta wurin Yesu Almasihu. Ka lura bai ce mutuwa ladan mugunta, rai ladan kirki ba, ko da yake haka kunne zai so jimlar ta daidaita. Da gangan ya karya ta. Afisawa 2:8-9 ta ƙarasa maganar: ta wurin alheri aka cece ku, ta hanyar bangaskiya, ba ta ayyuka ba, don kada wani ya yi fariya. Ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu a Luka sura 23 bai taɓa share majami'a ba, bai ba da zakka ba, hannuwansa ma a kafe suke. Duk da haka a ranar aka yi masa alkawarin Firdausi.

Misalin da ya fi ɓata wa mai lissafi rai shi ne na ma'aikatan gonar inabi a Matiyu sura 20. Mai gona ya ɗauki wasu tun da asuba a kan dinari guda, ya ɗauki wasu da hantsi, wasu da tsakar rana, wasu kuma saura sa'a ɗaya a tashi. Da yamma kowa ya sami dinari guda. Waɗanda suka sha rana suka yi gunaguni, kuma duk wanda ya taɓa yin ƙwadago a gonar wani ya san da gaskiyarsu a lissafin duniya. Mai gonar bai ce sun yi ƙarya ba. Ya ce bai cuce su ba, ya ba su abin da suka shirya, saura kuma dukiyarsa ce, yana da ikon yin alheri da ita.

To ke nan babu lada? Akwai, kuma Littafi Mai Tsarki bai ji kunyar faɗa ba. Ibraniyawa 11:6 ta ce mai zuwa wurin Allah dole ya gaskata cewa yana nan, kuma yana sāka wa masu nemansa. Yesu ya ce ko ƙoƙon ruwan sanyi ka ba ɗaya daga cikin ƙananan almajiransa, ba za ka rasa ladanka ba. Yadda nake fahimtar zaman abin biyu tare shi ne ta bambancin ɗan ƙwadago da ɗan gida a gandu. Ɗan ƙwadago ya zo don kuɗi. An biya shi, an sallame shi, babu sauran magana tsakaninsa da mai gona. Ɗan gida kuwa yana noma gandun ubansa, amma ba noman ne ya mai da shi ɗa ba, haihuwarsa aka yi a gidan. Ko ya yi ƙiwa sunan gidan yana kansa. Sai dai idan kaka ta yi, uban ya san wanda ya riƙe fartanya da gaske, kuma akwai abin da yake yi masa: ya ƙara masa gayauna, ya ɗinka masa riga, ya sa shi a gaba cikin sha'anin gida. Ceto shi ne haihuwar. Lada shi ne abin da uba yake yi wa ɗan da ya riga ya zama nasa.

A 1 Korintiyawa sura 3 Bulus ya kawo hoton da ya fi kowane fito da wannan rabuwa. Harsashi ɗaya ne, Almasihu. A kansa wani yana gini da zinariya da azurfa da duwatsu masu daraja, wani kuma da itace da ciyawa da kara. Ranar tana zuwa da wuta za ta gwada aikin kowa. Wanda gininsa ya tsaya zai sami lada. Wanda nasa ya ƙone zai yi hasara, amma shi kansa zai tsira, kamar wanda aka fizgo daga gobara. Duk wanda ya taɓa ganin gobarar hunturu a unguwar da ake da dannin kara ya san irin wannan mutum: ga shi a tsaye da ransa, daga shi sai rigar jikinsa.

Kada kuma ɗan gida ya fara rubuta wa uba bashi. Luka sura 17 ta ce bayan kun yi duk abin da aka umarce ku, ku ce mu bayi ne kawai, abin da ya wajaba muka yi. Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya bar wata magana da Katolika da Furotesta duk suke maimaitawa, cewa idan Allah ya naɗa wa ayyukanmu rawani, kyautarsa ce yake naɗa wa. Ƙarfin aikin daga gare shi, zarafin yinsa daga gare shi, sannan ya juyo ya ba da tukwici.

Akwai kuma ladan da ake cinyewa tun a nan. A Matiyu sura 6 Yesu ya yi maganar masu busa ƙaho idan za su ba da sadaka, da masu addu'a a kan mararraba, da masu ɓata fuska don a san suna azumi. Sau uku ya ce sun riga sun karɓi ladansu. Kalmar da ya yi amfani da ita irin wadda ake rubutawa ce a takardar shaidar biya, wato an biya duka, babu ciko. Nakan tuna da wannan a ranar gidauniyar gini, lokacin da mai lasifika yake jan sunan mai bayarwa da adadin kuɗinsa, ana tafi ana guɗa. Ban ce a daina gidauniya ba, rufin majami'a ba ya sauka daga sama. Amma tafin nan yana da tsada.

Kalmar da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da lada ita ce jimiri, ko jimrewa. Ta ɗan bambanta da haƙuri. Haƙuri yakan zama na wanda ya zauna yana jiran abu ya wuce. Jimiri na wanda kaya ke kansa ne kuma bai daina tafiya ba. Ibraniyawa 10:36 ta ce jimiri kuke bukata, don bayan kun yi nufin Allah ku karɓi abin da aka alkawarta. Abin da ake ba mai jimiri, wani juyin Hausa ya kira shi rawani, wani ya ce kambi. Rawani yana kai hankalin Bahaushe fada, wurin naɗin sarauta. Kambi ya fi kusa da asalin, domin abin da Bulus yake nufi a 1 Korintiyawa sura 9 shi ne saƙar ganye da ake ɗora wa wanda ya ci tsere, irin wasannin da ake yi kusa da Korinti duk bayan shekara biyu. Ɗan Nijar zai fi gane shi da takobin da ake miƙa wa zakaran kokawa. Na ganye mai lalacewa ne, in ji Bulus, namu ba ya lalacewa.

A nan ne malaman tauhidi suka daɗe suna ja-in-ja, saboda Matiyu 24:13 ta ce wanda ya jure har ƙarshe shi zai sami ceto. Ashe jimiri ne ke sayen ceto? Magajin koyarwar Kalbin, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta na farko, kamar yadda taron malaman ikilisiya na garin Dort na 1618 zuwa 1619 ya tsayar, zai ce wanda Allah ya cece shi da gaske, Allah ne zai riƙe shi har ƙarshe, jimirin shaida ce kawai. Mabiyin Wesli, wanda Metodis suka samo asali daga gare shi, zai ce mutum yana iya juya baya ya yar da abin da aka ba shi, shi ya sa gargaɗin ya cika wasiƙar Ibraniyawa. A majami'unmu za ka tarar da ra'ayin biyu a benci ɗaya, wani lokaci ma a bakin fasto ɗaya. Inda suka haɗu shi ne, babu ɗayansu da ya ce jimiri kuɗin shiga ne.

Tarihin bishara a ƙasar nan ya ba da misalin da ba ya shiga lissafin riba. A Disamba 1893 samari uku 'yan mishan suka sauka Legas da niyyar shiga ƙasashen Sudan, wato yankin kudu da Sahara da ya haɗa da ƙasar Hausa: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, ba su kafa ko majami'a ɗaya ba. Bingham ya koma gida da ciwo, ya sake dawowa a 1900, zazzaɓi ya sake kora shi. Sai a 1902 aka samu kafa tashar mishan a Patigi. Daga wannan aiki na ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Idan lada yana nufin ganin amfanin gona da ido, to biyun farko sun tashi a tutar babu. Na kusa da mu kuma, 'yan EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya), ikilisiyar da aka fara a Garkida a 1923, sun ga an sace 'yan mata 276 a Chibok a Afrilu 2014, yawancinsu 'ya'yansu, kuma a Oktoban shekarar aka mamaye hedkwatarsu a Kwarhi. Mutanen da suka yi sujada a sansanin gudun hijira ba sa bukatar a fassara musu jimiri.

Shi ya sa wa'azin da ke cewa ka shuka iri yau ka girbe mota kafin ƙarshen shekara yake mini nauyi a kunne. Ya mai da lada la'ada, ya mai da Allah abokin ciniki, ya kuma bar gwauruwar da ta yi aminci shekara talatin a ɗakin haya tana tambayar laifin da ta yi. Ibraniyawa sura 11 ta jera waɗanda suka ci mulkoki ta wurin bangaskiya, ta kuma jera waɗanda aka jejjefe, aka tsaga da zarto, suka yi yawo cikin fatun awaki, ta ce dukansu an yaba musu, kuma ba su karɓi alkawarin a nan ba.

Akwai wani amfani da kalmar da ya kamata dattawan ikilisiya su yi hattara da shi. Mai bishara a ƙauye ya yi wata uku ba a ba shi albashi ba, mai gadin majami'a ya zo neman hakkinsa, magini ya gama aiki, sai a dafa kafaɗarsa a ce, "Ɗan'uwa, ai aikin Ubangiji ne, ladanka yana sama." A irin wannan wuri ma'anar farko ce take aiki, ta kasuwa. Yesu ya ce a Luka 10:7 ma'aikaci ya cancanci ladansa, kuma kalmar dai ita ce misthos. Yakubu 5:4 ta ce ladan masu girbin da aka danne yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna.