Yusuf bin Tashfin: an kira shi ceto, ya karɓe ƙasar

Daga ina ya fito?

Mutumin Sahara ne, ɗan ƙabilar Lamtuna ta Sanhaja, waɗanda mazansu ke rufe fuska da amawali. Ya taso a ƙungiyar Murabiɗun da malamin Malikiyya Abdullahi bin Yasin ya kafa. Ɗan uwansa Abubakar bin Umar ne shugaba. Da rikici ya ɓarke a hamada, Abubakar ya koma kudu ya bar wa Yusuf riƙon arewa, har ya saki matarsa Zainab an-Nafzawiyya, Yusuf ya aure ta. Ko da Abubakar ya dawo, riƙo ya zama sarauta. Bai ja ba, ya karɓi kyaututtuka ya sake nausawa hamada.

Wace ƙasa ya ci a Afirka?

Daga Marrakesh, wadda aka kafa wajajen 1070, ya haɗe Maroko, ya kama Fas da Tilimsan, ya dangana da birnin Aljas.

To me ya kai shi Andalus?

Kiransa aka yi. Bayan rushewar halifancin Kurɗuba, Andalus, wato ƙasar Musulmi a yankin Sifen da Fotugal na yau, ta tsattsage zuwa ƙananan masarautu masu gaba da juna, suna biyan Alfonso na 6, sarkin Kiristocin Kastila, zinariya don ya ƙyale su. A 1085 ya ƙwace Toledo, hankalin kowa ya tashi. Mu'utamid bin Abbad na Ishbiliya, sarki kuma mawaƙi, yana cikin masu aike. An gargaɗe shi cewa baƙon zai fi ƙarfinsa, ana kuma ruwaito ya ce gara ya yi kiwon raƙuma da ya yi kiwon aladu. Yusuf ya ƙetare teku, aka gwabza a Zallaƙa kusa da Badajoz a Oktoban 1086. Alfonso ya sha kashi, ya tsira da rauni.

Me ya sa daga baya ya juya kan waɗanda suka kira shi?

Nan ne maganar take. A 1088 ya dawo don kewaye ganuwar Aledo da ke hannun Kiristoci, sai ya ga sarakunan suna faɗa da juna a sansani ɗaya, wasu ma suna aika wa Alfonso saƙo a ɓoye. Talakawa sun gaji da harajin da shari'a ba ta sani ba, malamai kuma suka ba shi fatawar tuɓe su. Garnaɗa ta faɗi a 1090, Ishbiliya a 1091. Aka kai Mu'utamid Agmat, kusa da Marrakesh, ya rasu a tsare a 1095.

Uzurin Yusuf yana da ƙarfi, amma a faɗi gaskiya: akasarin abin da ya ci a Andalus daga hannun Musulmi ya karɓa. Balansiya ce babbar da aka amso daga Kiristoci, a 1102, bayan mutuwar El Cid, jarumin Kirista da ya mulke ta. Toledo kuwa ba ta dawo ba har abada.

Ya kira kansa halifa?

A'a. Amirul Muslimina ya ɗauka, ya bar Amirul Muminina ga halifan Abbasiyya na Bagadaza, wanda ake yi wa addu'a a huɗubobin ƙasarsa.

Bayansa fa?

Ya rasu a 1106, ɗansa Ali ya gaje shi. A 1147 Muwahhidun, wata ƙungiya da ta taso a Maroko tana adawa da Murabiɗun, suka shiga Marrakesh, daular Murabiɗun ta ƙare.