Shirin Tura Ungozomomi Karkara a Najeriya

Shirin Tura Ungozomomi Karkara, wanda ma'aikatan lafiya suka fi sani da MSS, tsari ne da gwamnatin tarayyar Najeriya ta ƙaddamar a ƙarshen 2009 domin sake fasalin aikin ungozoma a ƙananan asibitocin ƙauye. Hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa, NPHCDA, ita ta riƙe ragamarsa, a zamanin da Dakta Muhammad Ali Pate yake shugabantarta. Kuɗin da aka fara aikin da su sun fito ne daga rarar yafe bashin da ƙasashe masu bin Najeriya suka yi mata a 2005.

Abin da ya jawo shirin

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2008 ya ƙiyasta cewa a cikin kowace haihuwa 100,000, mata 545 ne ke rasa ransu ta dalilin ciki ko haihuwa. Binciken ya kuma nuna cewa kashi 39 cikin 100 na haihuwa ne kawai ake yi a hannun ƙwararren ma'aikacin lafiya, kuma a Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas adadin bai ko kusanci haka ba. Abubuwan da ke kashe matan sanannu ne: zubar jini bayan haihuwa, jijjiga, doguwar naƙuda da zazzaɓin da ke biyo bayan shigar ƙwayoyin cuta. Kusan dukkansu ungozomar da ta samu horo za ta iya tare su, ko ta gane su da wuri ta tura mace babban asibiti.

Matsalar ita ce ungozomomin sun taru a birane. A ƙauyuka da dama na ƙasar Hausa mace kan haihu ita kaɗai a ɗaki, musamman saboda kunya, sai bayan ta sauka a kira ungozomar gargajiya ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta yi wa jariri wanka. Wannan aiki yana da daraja a wurin jama'a, amma bai tanadi komai ba idan jini ya ɓalle da tsakar dare.

Yadda aka tsara shi

An ɗebo ungozomomi daga rukuni uku: sababbin da suka kammala makaranta, waɗanda aka ɗora musu aikin shekara ɗaya a karkara; masu takarda da ba su samu aiki ba; da waɗanda suka yi ritaya amma da sauran ƙarfinsu. A zangon farko an tura ungozoma 2,488 zuwa ƙananan asibitoci 652 a jihohi 36 da Abuja. Kowane asibiti an tsara ya samu huɗu, don su riƙa karɓa-karɓa, kada a zo da mai naƙuda a tarar da ƙofa a kulle. Kafin a tura su an ƙara musu horo kan dabarun ceton rai da kula da cututtukan yara.

Ƙananan asibitoci huɗu-huɗu aka haɗa a ƙarƙashin babban asibiti ɗaya da za su riƙa tura wa matan da haihuwa ta zo musu da gardama, aka samu gungu 163. Rabon bai zama daidai ba, kuma da gangan aka yi haka: kowace jiha a Arewa maso Gabas da Arewa maso Yamma ta samu asibiti 24, jihohin Arewa ta Tsakiya da Kudu maso Kudu 16, na Kudu maso Yamma da Kudu maso Gabas 12. An kuma farfaɗo da kwamitocin raya mazaɓu domin masu unguwanni, malamai da shugabannin mata su sa ido a kan asibitinsu.

Biyan haƙƙi an raba shi gida uku. Gwamnatin tarayya za ta ba kowace ungozoma naira 30,000 a wata, jiha ta ƙara 20,000, ƙaramar hukuma ta ba da 10,000 tare da wurin kwana. A nan shirin ya fi rauni. Jihohi da ƙananan hukumomi da yawa ba su cika alkawari ba, wasu sun biya na ɗan lokaci suka daina, gidajen da aka ce za a bayar kuwa a wurare da dama babu ruwa babu wuta. Yarinyar da aka ɗauko daga wata jiha mai nisa, ba ta jin harshen garin, ba ta da dangi a kusa, ga albashi a gutsure, ba abin mamaki ba ne idan ta tattara kayanta da zarar shekararta ta cika, ko ma kafin nan.

Abin da aka gani

Wani nazari da masana suka wallafa a 2016, wanda ya kwatanta yankunan da shirin ya shiga da waɗanda bai shiga ba, ya gano cewa zuwa awon ciki ya ƙaru a shekarar farko, amma bai samu hujjar cewa haihuwa a hannun ƙwararru ta ƙaru ba. Wato mata sun zo awo da rana, haihuwa kuma ta ci gaba a gida. Nisa, rashin mota, kuɗin magani da jiran izinin maigida duk suna nan yadda suke, domin ajiye ungozoma a asibiti bai taɓa su ba. Wannan giɓi ne wasu jihohin Arewa suka nemi cikewa ta hanyar haɗa kai da ƙungiyar direbobi ta NURTW don ɗaukar mai naƙuda cikin gaggawa. Alƙaluman ƙasa ma ba su motsa sosai ba: binciken 2013 ya ba da mace-mace 576 a cikin kowace haihuwa 100,000, na 2018 ya ba da 512, haihuwa a hannun ƙwararru kuma ta kai kashi 43 a 2018.

Abin da ya biyo baya

A 2012 aka buɗe sashen lafiyar mata da yara na shirin SURE-P da kuɗin rarar tallafin man fetur. Ya bi sawun MSS, ya ƙara da ba mace naira 5,000 kashi-kashi idan ta cika awo, ta haihu a asibiti, ta dawo duba bayan haihuwa. An rufe shi a 2015.

Daga baya hankali ya koma kan horar da 'yar gari ta yi wa garinsu aiki. Majalisar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa ta amince da kwas ɗin ungozomar al'umma na shekara biyu, inda ake zaɓo ɗalibai daga ƙauyukan da za su koma. Wani shiri da gwamnatin Birtaniya ta tallafa daga 2012 a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe ya buɗe ajin share fage domin 'yan matan karkara, har da matan aure masu goyo, su gyara sakamakonsu na sakandare su samu shiga makarantun ungozoma. Ta fuskar kuɗi kuwa, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma daga cikinsa ake ɗaukar nauyin ungozomomi a wasu ƙananan asibitoci.