Ramukan da ke tsakiyar gonakin Ingila: su waye suka haƙa su, kuma don me?

Wane irin rami ake magana a kai?

Idan ka bi ƙauyukan Ingila, musamman yankin Cheshire da Norfolk, za ka ga gona shimfiɗe sai kawai a tsakiyarta ga wani kwari ko ɗan tafki da bishiyoyi sun zagaye shi, ba rafi a kusa, ba komai. Yawancinsu ba ruwa ne ya zaizaye su ba, mutane ne suka haƙa da hannu don su ciro wata ƙasa da ake kira marl, wato yumɓu ne haɗe da alli. Kusan kamar kududdufin da ke cikin birnin Kano ne, inda aka ɗebi ƙasar gini aka bar rami ruwan damina ya cika shi, sai dai su can ƙasar gona ake kaiwa.

Toh me za su yi da yumɓu a gona?

Gyaran ƙasa. Gonar da ta cika yashi ba ta riƙe ruwa, taki ma sai ya zurare ya wuce, wadda kuma ta cika tsami shuka ba ta jin daɗinta. Idan aka baza wannan yumɓun a saman gona aka bar sanyin hunturu ya farfasa shi sannan aka yi huɗa, allin da ke ciki zai kashe tsamin, yumɓun kuma ya sa yashin ya kama jikinsa. Amfanin kuma ba na shekara ɗaya ba ne, yana ɗaukar shekaru da yawa kafin a sake. Abin da ya fi burge ni shi ne maganin yana nan ƙarƙashin gonar da ke da ciwon, haƙawa kawai za a yi.

Tun yaushe ake wannan aikin?

Ya daɗe sosai. Pliny, marubucin nan ɗan Rum na ƙarni na 1, ya ambaci cewa mutanen Birtaniya da na ƙasar da yanzu take Faransa suna yi. A dokar daji ta Ingila ta shekarar 1217 ma an rubuta cewa duk ɗa mai 'yanci yana da damar haƙa irin wannan ramin a filinsa. Amma a ƙarni na 18 ne abin ya bunƙasa, lokacin da manyan masu filaye na Norfolk irin su Townshend na Raynham da Coke na Holkham suka dage da shi a gonakinsu masu yashi.

Me ya sa a tsakiyar gona, ba a gefe ba?

Nauyi. Da keken doki ake ɗauka, kuma ana buƙatar lodi mai yawa, don haka kowace gona a haƙa mata nata a inda tafiyar za ta fi gajarta. Shi ya sa suka yi yawa haka.

Ya za a gane shi yanzu?

Dubi bakinsa. Gefe ɗaya gangara ce a hankali, nan keken yake shiga yana fita, ɗaya gefen kuma a tsaye yake da zurfi, nan aka tsaya da haƙa. Wasu sun cika da ruwa tunda gindinsu yumɓu ne, wasu sun bushe sai ɗan kwari da ciyawa ta rufe, wasu kuma sai a tsohuwar taswira za ka san an taɓa yin su.

Me ya kashe sana'ar?

Jirgin ƙasa da magudanan jiragen ruwa sun sa ƙonannen alli ya yi araha ya isa ko'ina, ga kashin tsuntsaye da aka fara shigowa da shi daga Peru wajen 1840, ga takin zamani da wani masanin noma ɗan Ingila mai suna Lawes ya yi wa rajista a 1842. Wa zai tara ma'aikata su yi ta haƙa bayan ga abu a buhu? Bayan yaƙin duniya na biyu kuma da tarakta ta zo, manoma suka cike ramuka da yawa don gona ta yi faɗi, kuma gaskiya an yi asara a nan.

Suna da wani amfani yau?

Sosai ma. Shanu sun daɗe suna shan ruwa a cikinsu, kwaɗi da mazari da tsuntsaye sun mayar da su gida, har da wata halitta mai kama da ƙadangare da ke haihuwa a ruwa wadda dokar Birtaniya ta hana a taɓa ta ko a ɓata mata wuri. A Norfolk masu bincike daga jami'ar UCL ta Landan sun sake tone wasu da aka binne tun shekara 50 zuwa 150 da suka wuce, suka tarar da irin tsirran ruwa a cikin tsohon taɓon bai mutu ba, ruwa na taruwa ya tsiro. Sun wallafa sakamakon a 2017, kuma yanzu akwai manoman yankin da ke ba da izini a tone nasu.