Ɓera, Sauro da Lissafi: Tambayoyin da Na Gaji da Amsawa

Ina koyar da ilimin halittu a nan Kano, kuma tambayoyi iri ɗaya ake ta jefo mini kan yadda ake amfani da lissafi a gane yawan dabbobi da halayensu. Ɗalibai su tambaya, 'yan kasuwa su tambaya, ko a wurin ɗaurin aure ba a ƙyale ni ba. Ga amsoshin. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Mene ne samfurin lissafin dabbobi?

Nawa aka haifa, nawa suka mutu, nawa suka shigo, nawa suka fita. Ka jera su, ka ga inda adadin ya dosa. Shi ke nan.

Wannan ba duba ba ne?

Haba! Mai lissafi zatonsa yake shimfiɗa maka a fili, ka je ka ƙirga, in ya yi kuskure ka kama shi. Wane ɗan duba ne zai yarda da haka?

Malam, ai wannan harkar Turawa ce, me ya haɗa mu da ita?

Wannan ita ta fi ɓata mini rai. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, lokacin tana cikin Jihar Kano, kafin a yanke Jigawa. An fesa magani a ɗakuna, an raba ƙwayoyi, an ƙirga sauro, aka gina samfurin lissafi da aka wallafa a 1974, wanda masana cutar ke komawa gare shi har yau. Cutar ta ragu ƙwarai amma ba ta yanke ba, kuma cikin dalilan akwai cewa wani sauron in ya sha jini waje yake hutawa, ba ya lafewa a bangon da aka fesa. A ƙofar gidanku aka yi wannan, ku ne ba ku karanta ba.

Yaya ake ƙirga dabbar da ba ta tsayawa wuri ɗaya?

A ce ka kama ɓera 40, ka shafa musu fenti ka sake su. Bayan kwana biyu ka kama 50, ka tarar 10 na da fenti. Kashi ɗaya cikin biyar ke nan, don haka duka-duka sun kai 200. Frederick Lincoln ya yi irin wannan da agwagin daji a Amurka a 1930. Sai dai ɓeran da ya taɓa shiga tarko yakan guje shi, kuma in hakan ta faru adadinka zai zarce gaskiya.

Ina da sito a Dawanau. Na sa guba, ɓera ya ragu, bayan 'yan watanni ya dawo kamar ban yi komai ba. In ƙara guba ko in kawo kyanwa?

Alhaji, ba ka da laifi, kuma gubar ba lallai jabu ba ce. Amma amsar tana da ɗan tsawo.

Tun 1838 Pierre Verhulst ya rubuta lissafin da ke cewa kowane wuri yana da iyakar dabbobin da zai iya ɗauka, gwargwadon abinci da maɓoya. In sun cika wurin, haihuwa takan ja baya. In ka kashe rabi, a daidai nan ne lissafin ya ce yawansu ya fi saurin ƙaruwa, don abinci ya wadaci waɗanda suka rage. Cikin ɓera sati uku ne, 'ya'yan kuma cikin wata biyu zuwa uku sun isa haihuwa. Ga na maƙwabta suna biyowa ta kwata su cike gurbi. Kai dai ka share musu fili.

Ban ce kada ka sa guba ba. In ɓarna ta yi yawa tana rage ta na ɗan lokaci, musamman in duk layin kuka sa a tare. Amma ɓera yana da tsoron baƙon abinci: ya ɗanɗana kaɗan, in cikinsa ya murɗa bai mutu ba, ba zai ƙara kusantarsa ba. Sannan akwai masu jure gubar tun daga haihuwa. An fara gano ɓerayen da gubar ɓera mai suna warfarin ba ta kashewa a Sikotlan a 1958. Ko naka irinsu ne, sai an gwada.

Kyanwa fa? Tana iya taimakawa, ta fi ƙarfi kan ƙananan ɓeraye, gafiya kuwa sau da yawa kallonta kawai take yi. Kuma kada ka haɗa ta da guba. Lissafin mafarauci da abin farauta na Alfred Lotka a 1925 da Vito Volterra a 1926 ya nuna in ana kashe su biyun tare, abin farautar ne ke cin riba. Kyanwa ko mujiya ta ci ɓeran da ya sha guba ta mutu, shi kuwa ya fi su saurin haihuwa nesa ba kusa ba.

Abin da zan fi tsaya maka a kai shi ne rage abin da sitonka ke iya ciyarwa. Ɗora buhuna kan katako, a bar tazara tsakaninsu da bango yadda mutum zai zagaya da tocila. A share tsabar da ta zube kullum da yamma, a toshe ramuka da siminti, a sa faifan ƙarfe a gindin ƙofa. Ko da haka ban yi maka alkawari ba: in sito na gaba da kai juji ne, rabin aikinka a hannun maƙwabcinka yake. Kuma mataccen ɓera kada yaranka su ɗauka da hannu, zazzaɓin Lassa ta ɓera yake bi.

Wannan juriyar guba ba maganar Darwin ba ce, ta mutum da biri?

Ɓera muke magana. Mai rauni ya mutu, mai juriya ya haihu, jikokinsa suka cika wurin. Haka sauro ke yi da maganin da ke jikin gidan sauro. Sauran muhawarar ku kai ta wani zauren.

Ni fa ban iya lissafi ba, zan iya wannan fannin?

Kwantar da hankalinki. In kin iya sau da rabawa, kin isa farawa. Excel ma ya wadatar a shekarar farko, manhajar lissafi mai suna R kuma kyauta ce in kin yi nisa. Abin da ke kayar da ɗalibaina ƙyuyar fita ƙirga ce da asuba. Wanda ya zauna a ɗaki ya ƙago adadi kuwa, daga shafi na biyu nake gane shi.