Tukunyar Tururi a Tashar Nukiliya: Wa Ke Duba Ta, Wa Ke Da Ikon Cewa A Tsaya?

Da zarar bazara ta kankama a Sakkwato, zafi ya haura digiri 40, wuta kuma ta ɗauke, sai maganar tashar nukiliya ta dawo majalisu: ga yuraniyum nan a Nijar, me ya hana mu yi? Gwamnatin Tarayya ma ta daɗe da wannan buri. Tun 1976 aka kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Ƙasa, an ambaci Geregu a jihar Kogi da Itu a Akwa Ibom a matsayin inda za a gina, an kuma sa hannu kan yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017. Har yau ba a aza tubali ba. Duk da haka tambayoyin da ɗalibanmu na kimiyya da masu gyaran inji ke yi sun cancanci amsa. Zan amsa su ne ta wani sashe guda na tashar, wato tukunyar tururi, wanda ba a cika maganarsa ba alhali shi ya yi sanadin rufe wasu tashoshi har abada.

Malam, mece ce tukunyar tururi?

A mafi yawan tashoshin nukiliya na duniya ruwa kashi biyu ne, kuma ba a yarda su haɗu. Na farko shi ke ratsa cikin riyakta inda yuraniyum ke fitar da zafi. Yakan haura digiri 300 amma ba ya tafasa, domin an danne shi da matsi mai ƙarfi, kusan ninki 155 na matsin iskar da muke shaƙa. Wannan ruwa yana ɗauke da radiyeshin. Na biyu kuwa tsaftatacce ne, shi ake so ya tafasa ya zama tururi, tururin ya juya farfelar inji, injin ya ba da wuta.

Tukunyar tururi ita ce inda zafin ruwan farko ke tsallakawa zuwa na biyu. Ƙatuwar tukunyar ƙarfe ce, tsayinta kan kai mita 20, nauyinta ɗaruruwan tan. A cikinta akwai dubban siraran bututai. Ruwan farko na gudu a cikinsu, na biyu na kewaye da su ta waje. Duk makanikin da ya taɓa kwance lagireton mota ya san wannan dabara: zafi ya wuce ta jikin ƙarfe, ruwa ya tsaya a inda yake.

To in ruwan biyu ba sa haɗuwa, ina abin tsoro?

Abin tsoron yana cikin kaurin bututun. Faɗin kowanne bai kai santimita biyu ba a yawancin tukwane, kaurin jikinsa kuwa milimita ɗaya da ɗan ɗoriya. Dole ya yi siriri, in ba haka ba zafi ba zai ratsa da sauri ba. Ga inda matsalar take: riyakta tana cikin ƙaƙƙarfan ɗaki na kankare da ƙarfe wanda aka gina don kada komai ya fita, amma tururi dole ya fita daga ɗakin ya je wurin inji. Idan bututu ɗaya ya fashe, gurɓataccen ruwa ya sami hanyar bin tururi ya tsallake ɗakin kankaren gaba ɗaya. A lokaci guda kuma ruwan da ke sanyaya riyakta yana raguwa. Shi ya sa injiniyoyi ke ɗaukar wannan ɗan siririn ƙarfe a matsayin katanga, daidai da bangon kankaren.

Me ke cinye bututun?

Abu uku ne suka fi yawa. Na farko tsagewa. Tsofaffin tukwane an yi bututansu da gaurayen ƙarfen nikel da ake kira Inconel 600, wanda aka zaci ba zai taɓa yin tsatsa ba. Bayan shekaru sai aka ga zafi da matsi da sinadaran ruwa suna haɗuwa su haifar masa da ƙananan tsage-tsage da ido ba ya gani. Daga baya aka koma ga Inconel 690 mai yawan kuromiyum, kusan kashi 30 cikin 100, wanda ya fi juriya nesa ba kusa ba.

Na biyu laka. Ruwan tashar an tace shi fiye da ruwan sha, ba a ɗebo daga gulbi a zuba kai tsaye, amma ɗan burbushin ƙarfen da ya rage yakan taru a gindin bututai ya daskare, tsatsa ta riƙa ci ta ƙarƙashinsa. Na uku gogayya: ruwa da tururi na kaɗa bututai, su riƙa gugar abin da ya riƙe su, ko su gogi juna, har su sirance.

Yaya ake duba bututu dubu goma a wurin da mutum ba ya iya daɗewa?

Ana yi ne idan an kashe tashar don sauya makamashi, galibi bayan wata 18 zuwa 24. Akan buɗe wata ƙaramar ƙofa a gindin tukunyar, wadda mutum ɗaya zai iya kurɗawa da ƙyar, a kafa hannun na'ura a ciki. Ma'aikata na can nesa gaban kwamfuta. Na'urar tana zura ɗan ƙaramin naɗin waya mai ɗauke da lantarki cikin bututu, ta tura shi har ƙarshe, ta jawo shi. Naɗin yana haifar da maganaɗisu a jikin ƙarfen. Inda ƙarfe ke lafiya alamar da ke fitowa a allo iri ɗaya ce, inda ya tsage ko ya sirance sai ta karkace. Daga nan a matsa zuwa na gaba, haka dare da rana.

Karanta alamar shi ne ainihin gwaninta, domin laka da lanƙwasar bututu ma suna karkatar da ita. Saboda haka akan sa rukuni biyu na masana su karanta kowa daban, in sun saɓa a sake dubawa. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi a Amurka ita ce, bututun da lalacewa ta ci kashi 40 cikin 100 na kaurinsa a toshe bakinsa biyu, ya daina aiki. Lakar gindi kuma a wanke ta da ruwa mai feshi da ƙarfi. Kafin a rufe, sai an ƙirga duk kayan aikin da aka shiga da su.

Shin bututu ya taɓa fashewa?

Ƙwarai. A tashar Ginna da ke jihar New York, a Janairun 1982, wani guntun ƙarfe da aka bari cikin tukunya lokacin gyara ne ya yi ta gugar bututai har ɗaya ya ɓarke. A Mihama ta Japan, a Fabrairun 1991, bututu ya katse gida biyu saboda ba a zura ƙarfen da ke hana shi kaɗawa yadda ya kamata ba tun lokacin ƙira. A Indian Point, kusa da birnin New York, bututu ya fashe a Fabrairun 2000, bincike kuma ya nuna alamar tsagar tana cikin bayanan duban da aka yi a 1997, ba a gane ta ba.

A duka ukun ma'aikata sun shawo kan lamarin, radiyeshin da ya fita kaɗan ne. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne babu ɗaya daga ciki da ya zo daga girgizar ƙasa ko ambaliya. Mantuwa ce, da aikin da ba a gama ba, da karatun da ba a natsu ba.

In tukunya ta tsufa, ba sai a sayo sabuwa a huta ba?

Ana yi, kuma yakan yi kyau. Tashar Koeberg ta Afirka ta Kudu, wadda ita kaɗai ke ba da wutar nukiliya a nahiyarmu tun 1984, ta sauya tukwanen riyaktarta ta farko a 2023, sannan hukumar da ke sa ido kan nukiliya a ƙasar ta ƙara wa wannan riyakta lasisi zuwa 2044.

Sai dai a dubi San Onofre a Kalifoniya. An kashe kimanin dala miliyan 670 wajen sanya sababbin tukwane da kamfanin Mitsubishi ya ƙera, kowacce da bututu fiye da 9,700. A ƙarshen Janairun 2012 ɗaya ta fara yoyo, ba ta ma cika shekara tana aiki ba. Da aka duba sai aka tarar bututai na kaɗawa suna cin juna, saboda lissafin kwamfuta da aka dogara da shi wajen ƙira bai hango yanayin tururin daidai ba. An kuma sauya fasalin tukwanen ba tare da an bi ta doguwar hanyar gyara lasisi ba, inda wataƙila wani ido na daban ya gano kuskuren. A Yunin 2013 aka sanar da rufe tashar, mai ƙarfin kusan megawat 2,200.

Wa ke sa ido a kan masu tashar?

Alhakin farko na mai tashar ne, amma kowace rana da tasha ta kwana a kashe asarar kuɗi ce mai yawa, don haka ba a barinsa shi kaɗai da hukunci. A Amurka hukumar da ke sa ido kan nukiliya, NRC, tana ajiye aƙalla sufetoci biyu a kowace tasha, can suke aiki kullum, suna shiga duk inda suka ga dama. Akwai iyakar yoyon da in tukunya ta kai, dole a kashe tashar ko mai ita bai so ba. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, da ke Biyana tana tsara ƙa'idoji tana aika masana, amma ba ta da ikon rufe tashar kowa; wannan iko na hukumar ƙasa ne. Japan ta ɗanɗana kuɗar haɗa mai sa ido da mai tallata nukiliya a ma'aikata ɗaya. Bayan haɗarin Fukushima na 2011 ta rushe tsohuwar hukumar ta kafa mai zaman kanta a 2012.

Mu a Najeriya muna da irin wannan hukuma?

Muna da ita, NNRA, wadda dokar 1995 ta samar, ta fara aiki a 2001. Ita ke ba da lasisin na'urorin radiyeshin na asibitoci da kamfanonin mai, ita ke kula da ƙaramar riyaktar bincike da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tun 2004. Wannan riyakta kimanin kilowat 30 ne ƙarfinta, ba ta da tukunyar tururi, ba ta ba da wuta. Tsakaninta da tasha mai megawat 1,000 akwai tafiya mai nisa.

A ganina, kafin mu tambayi yaushe za a gina, mu tambayi mutum nawa muke horarwa da za su iya karanta alamar tsaga a allo, da masu walda da masana sinadaran ruwa. Ɗalibin fiziks ko kemistiri a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da mai koyon injiniyanci a kwalejin kimiyya da fasaha, su ne za su yi wannan aiki in an ba su horon. Mu kuma tambayi ko sufeton NNRA zai iya cewa a kashe tasha a tsakiyar watan Afrilu, jama'a na kukan zafi, manya na bugo waya, ya kuma wayi gari yana kan kujerarsa.